Kwatangwalon Madam

Shekarar da soja suka koma bariki ne Baturen masaƙar da Mama Saratu ta yi wa girki shekara goma sha ɗaya ya tattara ya koma ƙasarsu. Bai bar mata firji ba, bai bar mata keken ɗinki ba. Mage ya bar mata, fara fat, gashi buzu-buzu, fuska kamar an danna ta da tafin hannu, haɗe da takardar asalinta mai sunayen kakanni har hawa biyar. Ni da nake mutum ban san sunan kakan kakana ba. Muka sa mata Madam.

Gidan haya ɗaya muke a Narayi, ƙofata na kallon tata. Mama Saratu ta daɗe tana ɗingishi da ƙafar hagu saboda ciwon kwatangwalo. Sai ga Madam ita ma ta fara, kuma da ƙafar hagu. Ta daina hawa katanga, ko kujera sai ta tsaya ta yi shawara.

Mutanen gidanmu ba a raba su da tsegumi. Scholastica mai manja ce ta fara cewa ba ta taɓa ganin mage da uwar ɗakinta suna tafiya iri ɗaya ba, sai in jikin ɗaya ne. Kafin Lahadi maganar maita ta kai zumuntar mata ta coci. Aka daina sayen ƙosan Mama Saratu, mai gida kuma ya ce ko ta kashe magen ko ta tashi. Na ji haushi ƙwarai, amma in faɗi gaskiya, ni ma na fara kauce wa idon Madam.

Mama Saratu ta sa ta a kwando, ta ce in raka ta wurin likitan dabbobi a cikin gari, ta kuma dage sai Scholastica ta zo ta gani da idonta. Likita ya ɗauki hoton ƙashi, ya ɗaga shi a hasken taga. Ya nuna mana dunƙulallen kan ƙashin cinya da ɗan kwarmin da ya kamata ya zauna a ciki. Na Madam bai yi zurfi ba, ƙashi na ta gugar ƙashi. Ya ce da shi aka haife ta a Turai, tun ba ta san akwai Narayi ba, kuma a cikin maguna masu takarda ciwon ba baƙo ba ne, don ana ta haɗa dangi da dangi saboda kyan gashi. Magen unguwa da ba ta san ubanta ba ta fi su tsira.

Sai Mama Saratu ta zaro nata hoton na asibiti daga leda, ta ɗaga kusa da na Madam. Dunƙule ɗaya, kwarmi ɗaya, wannan kamar ludayi, wancan kamar ƙaramin cokali. Ban taɓa sanin da tsari ɗaya Allah ya harhaɗa mu ba. Scholastica ta matso, ta ƙura wa hotunan biyu ido.

Likita ya ce kada a bar Madam tana tsalle, don kowane tsalle azaba ne a gare ta.

Mama Saratu ta dube shi. “Likita, kullum da safe sai ta hau gadona ta kwanta daidai inda ke mini ciwo. Ashe ita ma da nata take hawowa.”

Scholastica ce ta ɗauko kwandon har gida, ita ce kuma ta je wurin mai gida da ƙafarta, ta roƙe shi ya janye maganarsa. Da yamma na leƙa, na tarar Mama Saratu ta jingine gadon a bango, ta shimfiɗa katifa a ƙasa.