Gwiwar Baba da Injin Katafila

Marasa lafiya biyu ne suka kwanta a gidanmu a shekarar nan, amma ɗaya ne ya dace da masu jinya. Baba yana ɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Katafilarsa tana bayan gida, injinta ya cije. Ni ce auta, ni kaɗai ce mace, kuma ni ce ke zaune a gidan da keken ɗinkina, don haka Baba ya faɗo a rabona. Katafila kuwa ta samu yayyena biyu, ƙarti majiya ƙarfi.

A kan katafilar nan Baba ya ƙare ƙuruciyarsa, yana tura ƙasa yana fasa hanyoyi, kuma da kamfanin ya watse sai ya saye ta ya kawo gida. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Salansarta a tsaye take tana kallon sama, kuma tun da na yi wayo nake ganin wani tsohon gwangwani mai tsatsa kife a bakinta. Da aka kwantar da Baba a asibiti, Yaya Babba, wanda ma'aikacin ofis ne mai son komai ya yi fes, ya ce zai gyara ta don Baba ya ji daɗi in ya dawo. Ya sa aka wanke ta, aka shafe ta da fenti har kan sarƙar da take tafiya a kai, sannan ya cire gwangwanin ya wurga a bola, wai abin kunya ne a gida kamar namu. Damina guda ruwan sama ya yi ta zuba ta bakin salansar nan har cikin injin.

Baba ya dawo da harshe mai nauyi. Maganar farko da ta fita sarai daga bakinsa ita ce yana so ya sake zama a kujerar katafilarsa, ya ji tana ruri a ƙarƙashinsa ko sau ɗaya ne. Likitar da ke duba ƙafarsa ta ce abu ne mai yiwuwa, amma da sharaɗi. Kullum sai an lanƙwasa masa gwiwa an miƙe, sannan maza biyu su tallabe shi ya tsaya, ya ɗan taka. In aka yi sakaci gaɓar za ta sandare, kuma in ta sandare shi ke nan. Yayyena suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru, har Yaya Babba yana ce mata ta kwantar da hankalinta, ai Baba ya haifi maza.

Daga nan suka zagaya baya don su tayar da katafila, ta ce ba ta san zancen ba. Yayana na biyu, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya gyara fankar ɗakin Baba ta koma juyawa da baya, ya rantse batir ne. Aka sayo batir, ko gezau. Sai aka kira bakaniken manyan motoci, wani dattijo da duk unguwa ke kira Sai Gobe. Ya leƙa, ya shinshina, ya ce fistin sun manne da tsatsa, zaɓi biyu ne: ko a sauke injin a ɗora wani, ko a jiƙa wannan a yi ta lallashinsa.

Injiniya ya so a sa sabo. Yaya Babba ya ce sam, cire injin Baba cin amana ne, kuma ya faɗi haka da hannu a ƙirji, shi da ko sau ɗaya bai ambaci gwangwani ba. Aka tsaya a kan lallashi. Sai Gobe ya kwance nozul-nozul masu fesa mai a cikin injin, ya ɗura kananzir haɗe da baƙin mai a kowane rami, ya zura dogon bututu a jikin sufana ya maƙala a gaban injin.

“Kullum sai an ɗan motsa shi, gaba kaɗan, baya kaɗan,” in ji shi. “Mutum biyu yake so, kuma ba a yi masa dole. In kuka yi fashi, komawa zai yi.”

Ina tsaye da tiren shayi dariya ta ƙwace mini, don kusan kalmomin likita ke nan. Suka dube ni kamar na zautu.

Gaskiya ban taɓa ganin jinya irin wadda injin nan ya samu ba. Kullum da yamma in sun tashi aiki sai ga su, su tuɓe manyan riguna su rataye a ƙofa, su kama bututu. Ɗaya ya ja, ɗaya ya tura, suna kasa kunne, suna ce masa sannu. Ranar da aka yi sanyi Injiniya ya ɗauki bargo daga ɗakina ya lulluɓe shi. Baba kuwa daga bakin ƙofa suke gaishe shi, hannaye a sama, wai duk baƙin mai ne, kar su ɓata masa zanin gado.

Ni dai ina iya ƙoƙarina. Ina shafa masa mai, ina lanƙwasa gwiwar iya ƙarfina, amma Baba ƙato ne, ni kuwa ko buhun gawayi sai an kama mini. Sau ɗaya na gwada tayar da shi ni kaɗai, muka zube tare a tsakanin gado da bango. Bai ji ciwo ba, amma ya juya fuska yana hawaye, ni ma na yi kuka, kuma ban sake gwadawa ba. Na roƙi yayyena da lalama, na roƙe su da faɗa, har na taɓa ɓoye bututun a ƙarƙashin katifata.

“Auta, ke ba za ki gane ba,” in ji Yaya Babba, yana karɓe bututun. “Maganin Baba muke haɗawa a nan. Ranar da ya ji kukan injin nan, da ƙafarsa zai fito.”

Baban ma bai taimake ni ba. Mutum ne da bai iya roƙo ba, balle ya ce wa ’ya’yansa su ɗaga shi. In sun leƙo, injin yake tambaya, su kuma su tsaya suna zuba masa bayani baki har kunne. Ni kaɗai na san gwiwar da a da take naɗewa har dunduniya ta kusa taɓa cinya, yanzu rabi take zuwa, daga baya rabin ma ya gagara. Haushinsu ya cika ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

Wata ranar Asabar bututun ya motsa. Injiniya ya zauna a kan sarƙa ya yi kuka wiwi, abin da bai yi ba ranar da Baba ya faɗi. Bayan nan aka buɗe kan injin, aka kankare tsatsa, aka canza abin da ya lalace, Sai Gobe yana ta cika sunansa, har dai aka sa ranar tayarwa. Yaya Babba ya gayyato maƙwabta, ya jera kujeru.

Da aka murza, katafila ta yi tari, ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama ruri har kwanukan kicin suna rawa. Aka yi tafi. Yayyena suka wanke hannu da sabulu, suka shiga ɗaki suka ɗauko Baba, karo na farko tun dawowarsa. Ya sa na saka masa tsohuwar hularsa ta aiki, fuskarsa kuwa har wani haske take yi. Maƙwabta suka kama aka haura da shi kan sarƙa.

Kujerar katafila matsattsiya ce, libobi a gaba, abin takawa a ƙasa, sai mutum ya naɗe ƙafa yake shiga. Ƙafar Baba ta dama tana miƙe sambal kamar taɓarya. Aka juya shi ta hagu, ta tokare liba. Aka juya shi ta dama, ta tokare ƙarfen gaba. Injiniya ya sa hannu biyu ya danna gwiwar, Baba ya yi wata ƙara da ta fi ƙarfin injin, har Sai Gobe ya riƙe hannun Injiniya ya ce ya bari kar ya karya dattijo. Masu tafi suka sunkuyar da kai.

Yaya Babba ya juyo yana haki, ya dube ni daga can sama.

“Auta, ashe duk watannin nan ba kya yi masa abin da likita ta ce?”

Na buɗe baki, amma Baba ya riga ni. Yana rataye a hannunsu, rabi a ciki rabi a waje, ya dubi kujerar, ya ce a hankali, “Ku kashe ta. Mai kuke ƙonawa.”

Aka kashe, aka sauko da shi, aka mayar da shi gadonsa da ke jikin taga, inda ake hango katafilar tana ƙyalli. Da mutane suka watse na kawo masa ruwa. Bai sha ba. Ya ce in kira yayyena kafin su tafi, tunda yau hannunsu a wanke yake, su ja masa gadon zuwa ɗaya bangon.