Sunan Furera a Takardar Kwamiti

"Ki ce mata ta ɗaga murya, kunnen nan ya toshe," in ji Furera.

Baƙuwar ta jawo kujera ta matso. Yarinya ce 'yar Maraɗi, ta zo cikin farar mota da takardu a cinya, wai ana ƙidayar matan da suka riƙe muƙami. Ni ina bakin tabarma ina yi wa Furera fifita. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma tun shigowar bazara tari ya kwantar da ita.

"Cewa na yi, Inna, ku mata nawa ne a majalisar kwamin ɗinku, ƙaramar hukumar nan, kafin soja su rushe ta?"

"Mu biyu cikin sha ɗaya. Ni da Halimatu ta rugar Sanda."

Yarinyar ta rubuta, ta yi murmushi. "Kashi sha takwas cikin ɗari ke nan. Doka goma kawai ta ce. Kun wuce wurare da yawa a Mayahi da Tasawa."

"Halimatu sau ɗaya ta zo. Da Faransanci aka yi zaman, ba ta sake komowa ba." Furera ta yi tari, ta huta. "A takardar taki akwai inda ake rubuta sau nawa aka bar mutum ya yi magana?"

Yarinyar ta duba gaba, ta duba baya. "Babu gurbin wannan, Inna. Amma ga wani muƙamin naki na yanzu. Ke ce mataimakiyar shugaban kwamitin rabon hatsi. Mata uku cikin tara."

Na ga Furera ta dafa ƙasa ta tashi zaune, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

"Ni? Tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan, bisa ga takarda."

Furera ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take kai wa kasuwar Kanambakashe tun rasuwar mijinta. Shekarar zaɓe 'yan jam'iyya suka zo mata, don an ce ba za a karɓi jerin sunaye ba sai da mace a ciki. Sun zaɓe ta ne don ba ta da mijin da zai hana, kuma sun ɗauka za ta zauna gida. Ita kuwa da ta zama konseye, wato kansila, ta ɗauki abin da gaske. Shekara biyar tana tafiyar awa biyu cikin rairayi zuwa meri, ofishin kwamin, duk zama sai ta ɗaga hannu a kan rijiyarmu da ta rufta. Sai a ce, "An ji, Madam Konseye," a wuce. Har yau daga garin gaba muke ɗebo ruwa.

Shekarar da nake ba da labari, damina ta bar mu hannu wofi. Maza suka watse, wasu Kano, wasu Agadas. Nawa mijin, Na Allah, tun kaka ya tafi. Anzar da muke tsinkowa a daji muke jiƙawa kwana uku mu kashe ɗacinta mu ba yara. Da motar agaji ta zo, sai aka ce da sunan mai gida ake ba da kati, kuma sai ya zo da kansa. Gidajen da ba namiji, irin nawa, ko ƙwaya ba mu gani ba.

Bayan baƙuwar ta tafi, Furera ta ce, "Safi, je ki roƙi Rabo amalankensa. Gobe za mu meri."

"Yaya, ko bayan gida da ƙyar kike zuwa."

"Da sunana aka hana ku. Je ki."

Da hantsi muka isa, tsoho Rabo yana kora mana amalanken. Jakin Rabo ƙashi da fata ne, sau biyu ina sauka ina turawa. Sojan da aka ɗora a kan kwamin ba ya nan, sai sakatare, Abdurrahamane, yana zaune bayan tebur. Ya miƙe da fara'a.

"Madam Konseye, ya jiki? Ai da kin aiko."

"Ka aiko mini ne da kuka sa ni a kwamiti?"

"Mun san ba ki da lafiya, muka hutar da ke. Masu ba da hatsin ne suka ce dole kashi ɗaya cikin uku su zama mata." Ya buɗe wani littafi. "Ga shi ma, an rubuta kin halarci zama biyu."

"To, yau na halarta. Ɗauki biki ka rubuta."

Ta riƙe bakin ƙofa ta fara jero sunaye: Hassana matar Bawa, yara biyar. Tanna matar Ishaƙu, yara uku da tsohuwa makauniya. Zara'u, mai goyo. Ta ambaci mata ashirin da uku, tana tsayawa ta yi tari ta ci gaba. Ni ce ta ƙarshe. Abdurrahamane yana riƙe da bikin, wato biro, amma bai cire masa murfi ba.

"Sunaye sun riga sun tafi Maraɗi, Madam. Ba a hannuna yake ba." Ya sassauta murya. "Amma kowane ɗan kwamiti yana da buhu ɗaya. Naki yana ajiye."

"Ba nawa na zo nema ba."

Ta juya za ta fita. Ni ce na riƙe mata zane. Ban manta ba, kuma ba na alfahari da shi.

"Yaya, karɓi," na ce. "Don Allah karɓi."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce wa Rabo ya ɗora a amalanke. Da la'asar ta sa na raba shi da tiya a tsakar gidanta, gida ashirin da uku, ita ba ta ɗauki ko tafi guda ba. Kwana biyu ya yi mana.

Daga wannan tafiyar ba ta sake tashi ba. Ranar Laraba da safe na kai mata kunu, ta kurɓa sau ɗaya ta ture.

"Turmina na Hassana ne, nata ya tsage," in ji ta. "Akuyar ki sayar kafin ta mutu a hannunki."

"Ki daina irin wannan maganar, Yaya."

"Kin ji dai."

Kafin azahar ta cika. Mazan da suka rage a garin tsofaffi ne. Liman da kansa ya kama magirbi, ƙasa ta yi tauri, sai bayan la'asar aka kai ta.

Ranar sadakar uku, Abdurrahamane ya zo gaisuwa tare da Cindo, shugaban kwamitin. Suka yi addu'a, Cindo ya ce an yi rashin jaruma. Da za su tafi, suka sa aka kira ni zaure.

"Safi," in ji Cindo, "kin ga yanzu mata sun koma biyu cikin takwas. In ba a cike gurbin ba, mota ta biyu ba za ta zo ba. Ke ce kika fi kusa da marigayiya."

"Za a rubuta matan da mazansu ba su nan?"

"Za a duba."

"Za a kira ni in za a zauna?"

Suka kalli juna. Abdurrahamane ya riga ya buɗe kwalin tawada. Na tuna da gidajen da ke da kati, su ma yaransu yunwar suke ji. Na miƙa babban yatsa.

Bayan kwana goma motar ta zo. Da katin da aka yi rabon farko aka yi na biyu, kuma ba wanda ya aiko mini. Da mutane suka watse, muka fito da rariya, ni da Hassana da Tanna, muka durƙusa inda motar ta tsaya. Rairayin da zafi har yanzu. Muna tankaɗewa, ƙwayoyin gero suna tsayawa ɗai-ɗai a gindin rariya, Tanna tana tara su a bakin zanenta.