Darbejiya a Bakin Inji

Aikin Abdul-Nasir a Dubai shi ne abin da ya rage bayan an gama aiki. Abokansa su hau bishiya da zarto su sassabe rassa, a tura rassan bakin inji, injin ya ɓarza su ya feso a bayan tifa, shi kuma ya ja motar ya tafi neman wanda zai karɓa. Wata rana masu lambun furanni su saya, wata rana a ba wani manomi kyauta ya shimfiɗa a gindin dabino don ƙasa ta riƙe laima, in duk an ƙi sai wurin da ake yin taki. Yana son aikin. Ɓarzajjen itace in ya ɗan jima a tare ɗumi yake ɗauka, ka tura hannu ciki ka ji kamar tuwon da aka rufe, har wani siririn tururi yake yi da safe. Yakan tsaya kallon tururin nan har hankalinsa ya tafi gida, Zangon Kumasi, sai an danna masa oda daga baya ya farga.

Amma a makon nan ba Kumasi ce a ransa ba. Matarsa Murjanatu, Bakanuwa, ta haihu, an yi suna, yarinya ta ci suna Hafsa. Haihuwar fari ce, kuma ba uwa a kusa. Hajiyarta ta kira daga Kano ta yanke magana: ko dai a yi wa Murja wankan jego yadda ake yi, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ko kuwa a sa ta a jirgi da jaririyar ta zo gida, sai ta yi ƙwari ta koma. Kowa ya san sai ta yi ƙwarin nan na iya kai yarinya rarrafe. Abdul-Nasir kuwa tun da aka ɗora masa Hafsa a hannu ya ji ba zai iya kwana a gari ba ta cikinsa ba.

Maƙwabciyarsu a unguwar Al Nahda da ke kan iyakar Sharjah, A'i, ta ce ita za ta yi wankan, a dai kawo ganye. Murja ta dubi mijinta ta ce ya taho da darbejiya in zai dawo. Ya ce to, da saurinsa, kamar wanda aka aika sayen gishiri.

To, ga inda matsalar take: bawan Allah bai taɓa jin kalmar ba. Hausar Zango ya tashi da ita, kuma bai manta ranar da ya je gaisuwa Kano ya ce "Murja ya ce in zo" ba, ƙannenta suka kwashe da dariya har ɗaya ta ƙware da ruwa. Tun ranar ya ƙudurta ba zai sake tambayar mutumin Kano ma'anar komai ba. Girman kai ne, ba wani suna da za a ba shi. Ya rubuta abin a waya yadda kunnensa ya ji, wayar ta jero masa gidajen haya. Sai ya yanke cewa wani magani ne mai wuyar samu, ya riƙa ratsewa Al Ras bayan an tashi, yana bin shagunan kayan ƙamshi. Wani dattijo mai shago ya maimaita kalmar a bakinsa, ya ce ai darsin yake nufi, ya ƙulle masa kirfa.

Da ya kai gida ya miƙa, Murja ta buɗe ta duba, ta ajiye a kan firji, ta juya fuska bango. A ganinta abin a fili yake. Darbejiya ce fal a titunan garin nan, tana hango ta ta taga, tsinka ne dai ba a yi sai da izini. Mutumin da ke wuni cikin bishiyoyi ya kasa kawo reshe ɗaya, ai ya faɗi abin da ke ransa: so yake ta tafi. Ta fara ninke kayan Hafsa tana jerawa a akwati. Shi kuma ya ga akwatin, ya ɗauka Kano ce ta fi shi a wurinta, zuciyarsa ta yi nauyi ƙwarai.

Washegari aka tura su wata unguwa mai layin bishiyoyin nim, irin waɗanda ya sani tun yana yaro a bakin makarantarsu. Suka wuni suna ciyar da inji, ganye da reshe duka, har tifar ta cika da ɓarzajje kore-kore mai ɗaci a hanci. Masu lambun suka ce sun ƙoshi. Wata bargar dawaki ta ce ɗacin ya yi yawa. Sai can wajen Al Awir wani manomi ya buɗe masa ƙofa. Ya ɗaga bayan motar, kayan suka zubo a hankali, iska ta kwaso ta watsa masa a kai da wuya. Ya tsaya cikin inuwar dabino yana kallon tarin, idonsa na nuna masa wata yarinya tana tafiya dagwai-dagwai a kansa, tana juyowa ba ta gane shi ba. Da ya farga rana ta yi sanyi.

Tun Murja na da ciki wari ke tayar mata da zuciya, don haka kullum sai ya yi wanka a garejin kamfani ya sauya kaya kafin ya nufi gida. Ranar nan ya makara, kuma ba shi da ƙarfin komai. Haka ya shiga, da kayan aiki, gab da magariba.

Tana zaune bakin gado tana shayarwa, akwatin a buɗe a gefe. Ya durƙusa zai leƙa fuskar Hafsa, wani guntun itace ya faɗo daga wuyan rigarsa kan zanenta. Ta ɗauka za ta yar, sai ta tsaya. Ta kai hanci. Ta lumshe ido ta daɗe, shi dai yana kallonta, bai san tana tsakar gidansu ba, Hajiya na hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya.

"Abban Hafsa, ina ka samo darbejiya?"

Ya duba abin da ke hannunta, ya duba rigarsa. "Wannan? Ai nim ne. Yau tifa guda na kai Al Awir, kyauta ma na bayar."

"Mu ce darbejiya, ku ce me?"

"Nim."

Ta dube shi, ta dubi kirfar da ke kan firji. Dariya ta zo mata tare da hawaye, ta riƙe ciki saboda ciwo, Hafsa ta saki nono tana mamaki. Shi kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi, amma daɗin da ya ji ya fi kunyar yawa. Ya ce gobe kafin reshe ya kai bakin inji zai roƙi shugaban aikinsu ya ware masa dami.

Murja ta ce ba za ta jira gobe ba. Ta sa shi ya zazzage aljihunsa, da naɗin wandonsa, da cikin hularsa, aka tara abin da ya kai tafi biyu. A'i ta ɗora tukunya. Kafin a idar da salla tururi mai ɗaci ya cika ɗan falon, ya lulluɓe gilashin taga har fitilun Sharjah suka dushe.

Abdul-Nasir na zaune da Hafsa a kafaɗa ya ji Murja daga banɗaki tana cewa, in ya samu hannu, ya ciro mata tawul ɗin yarinyar daga akwati, ya mayar da sauran kayan cikin durowa.