Shirun da Aka Hana Keziah

A Rikoto, wata unguwa a Zuru, ba a barin mutum shi kaɗai da kunyarsa. In mai rera waƙa a coci ya manta baiti, kafin ya sunkuyar da kai mata sun soma tafi, sun ɗauki amshi, sun rufe ramin. Ƙauna ake kiran wannan, kuma ƙaunar ce. Sai dai ƙaunar da ba ta taɓa tsayawa ta tambayi mutum abin da yake so ba, wata rana ita ke karya masa ƙafa.

Keziah ta san halin mutanenta, shi ya sa ta roƙi kawunta Dominic, shugaban mawaƙan cocinsu, cewa ranar ɗaukar bidiyon kada a gayyaci kowa. 'Yar soja ce. A Kaduna ta koyi piyano tun suna zaune a bariki, ta ci gaba a kwaleji, sai rasuwar ubanta ta dawo da su gida Zuru. Yanzu ga gasar matasa masu kaɗa piyano ta taso a Legas. Wanda bidiyonsa ya gamsar da alƙalai za a kira shi ya je ya kaɗa a gabansu, wanda ya yi zarra a ɗauki nauyin karatunsa. Sharaɗin kuwa ba sassauci: ɗauka guda daga farko har ƙarshe, ba yanka ba ɗinki, kuma Asabar ɗin nan ake rufe karɓa.

Kiɗan da ta zaɓa wani mutumin Rasha ne ya tsara shi, kuma da gani bai tausaya wa masu gajerun yatsu ba. Kibod ɗin cocinsu guntu ne, muryoyin ƙasa masu kauri babu su a jikinsa, don haka watanni ta yi tana buga su a kan katakon benci tana jin su a cikin kanta. Cikakken kibod mai nauyin maɓalli da ta sani a garin na Lukuman ne, mai ba da hayar kayan sauti. Ya yarda ya ajiye mata shi a coci da rana, amma biki ke jiransa a Bena, kuma hanyar nan ba mai hankalin da ke bin ta in rana ta karkata.

Ba saurin kiɗan ne ke hana Keziah barci ba. A tsakiyarsa akwai wurin da hannaye biyu ke ta haɗa hadari, tsawa bisa tsawa, sai kwatsam komai ya yanke. A takarda 'yar alama ce kawai mai cewa a dakata, tsawon dakatawar kuma an bar wa mai kaɗawa. Yawancin waɗanda ta saurara numfashi ɗaya suke ja su wuce. Ita kuwa a ganinta nan ne ran kiɗan yake. Ta san wannan shirun. Ta ji shi ranar da hafsoshi biyu suka yi sallama a ƙofar gidansu, uwarta ta tsaya tana kallon hulunan da ke hannunsu, kafin kuka ya zo. Niyyarta ta riƙe shirun har sai mai sauraro ya rasa inda zai sa kansa, sannan ta saki murya ɗaya siririya da hannun dama. Yatsu kowa na da su a Legas. Wannan ne abin da za ta kai musu wanda ba na aro ba.

Da ta iso coci ranar Asabar, sai ta tarar da benci uku cike da matan zumuntar coci cikin ankonsu, da tulunan kiɗa, da caki, da bokitin kunu.

"Kawu, ba haka muka yi da ku ba."

"Ni na kira su? Na dai faɗa a wajen addu'a don a sa ki ciki." Ya gyara gilashinsa. "To yanzu korar iyayenki za ki yi?"

Mama Saloma, shugabar zumuntar, ta miƙo mata hannu daga inda take zaune. "Zo nan, ɗiyata. Ranar da aka kawo gawar ubanki mu muka kwana da uwarki, yau kuma a ce za ki fita fage ke kaɗai kamar marar dangi? Ko noman golmo ba a yin sa da fartanya ɗaya."

Keziah ta durƙusa ta gaishe su, ta roƙe su da Allah kada wanda ya yi motsi har sai ta ɗauke hannu ta miƙe.

"Ko tari ba za ki ji ba," in ji Mama Saloma.

Lukuman ya ɗaure wayarta a kan sandar lasifika, ya danna, ya koma bakin ƙofa yana duban rana.

Ta fara. Maɓallan suka amsa mata kamar sun daɗe da saninta. Muryoyin nan da ba ta taɓa ji ba sai a katako suka taso daga ƙasa, har kwanon rufi yana rawa. Wurin da ƙaramin yatsanta ya saba zamewa ta wuce shi lafiya. Hadarin ya haɗu, ya yi baƙi, ya fashe, ta ɗaga hannayenta sama da maɓallan ta tsaya cak.

Cocin ya yi tsit. Wani benci ya yi ƙara. Sai ta ji raɗa: "Wayyo, ta ɓace mata." Tafi ɗaya, tafi biyu, caki ya shigo, kafin ka ce kwabo Mama Saloma ta ɗauko waƙar ƙarfafa zuciya mata sun amsa gaba ɗaya, murya cikakkiya mai daɗi, irin wadda aka san su da ita har Birnin Kebbi.

Keziah ta miƙe. "Ban manta ba, Mama. Shirun a cikin kiɗan yake. Haka aka rubuta shi."

"Aka rubuta a yi shiru?" Mama Saloma ta dubi na kusa da ita. "To wanga Bature ai ya huta. Ni ma na iya wannan, a kai ni Legas."

Aka kwashe da dariya.

"Kun ɓata min ɗaukar. Ba za ta ƙara yin amfani ba."

Dariyar ta tsaya. Tsohuwar ta gyara ɗankwalinta a hankali. "Mu da muka rufa miki asiri, mu muka yi ɓarna. Sannu, ɗiyar boko."

Kawu Dominic ya matso yana kwantar da murya. "Keziah, ai ba komai. Ki tura haka nan, su ma su ji yadda muke waƙa a nan. Abin da Allah ya ƙaddara naki ne ba wanda zai hana."

Ai ba komai. Da wannan kalma aka bar kibod guntu shekara da shekaru, da ita masu kaɗa shi suka tsufa ba su iya karanta ko layi ɗaya na rubutun kiɗa ba, da ita ake shafa kan duk yaron da ya so wuce inda aka tsaya har sai ya kwanta. Da ƙiyayya ce, da mutum ya san yadda zai yi faɗa da ita.

Lukuman ya leƙo. "Malama, ɗauka ɗaya ta rage, direba ya soma huci."

Ta sake durƙusawa ta ba Mama Saloma haƙuri, don in ba ta yi ba uwarta ce za ta sha maganar. Ta sake bayani. Aka ce an ji.

A karo na biyu ma hannunta bai ci amanarta ba. Tun hadarin bai gama haɗuwa ba ta ji kunnenta ya bar kiɗan ya koma kan bencin. Da wutsiyar ido ta hango wata tsohuwa a layin baya, wadda kunnenta ba ya ji sosai, ta riga ta buɗe tafukanta tana jira. Tsawar ƙarshe ta sauka. Keziah ta ɗaga hannu, ta ji benci ya motsa, sai kawai ta faɗa wa muryar nan siririya da sauri kamar mai tsallake kwata. Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya sami zarafi. Ta kai ƙarshe ba kuskure ko ɗaya, ta miƙe, sannan guɗa ta ɓarke.

"Yawwa, ko ke fa," in ji Mama Saloma, ta rungume ta, fushin ya tafi. "Kin ga yanzu ba ki yi tuntuɓe ba. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza."

Lukuman ya naɗe wayoyin lantarkinsa, aka ɗora kibod a mota. Keziah ta karɓi wayarta ta hau tudun bayan coci inda sabis ya fi ƙarfi, ta kalli wurin shirun a bidiyon sau ɗaya. Yarinya ce a ciki mai yatsu masu kyau, mai tsoro, wadda ba ta da abin faɗa. Duk alƙalin da ya san aikinsa zai gane haka kafin ya ajiye kofin shayinsa. Ta tura.

Da ta sauko, Kawu Dominic na tsaye da kofin kunu yana jiranta, fuskarsa cike da alfahari.

"Gobe a coci lokacin tara baiko ki ɗan taɓa mana wanga na Rasha, mai saurin nan kawai. Zan ce mai ganga ya raka ki."

Ta karɓi kunun da hannu biyu.

"To, Kawu."