Mutumin da Ya Zo Ƙirga Motocinmu

Ranar Talata ce, tun asuba ake yayyafi mai naci, irin wanda ke jiƙa mutum a hankali bai sani ba. Ina zaune a rumfar Kawu mai faci, daidai mahaɗar da hanyarmu ta rabu da babban titi, sai ga farar motar ma'aikatar hanyoyi ta tsaya.

Shekara biyu muna jiran wannan mota. Hanyarmu kilomita goma sha ɗaya ce daga mahaɗa zuwa kasuwa. Kwaltarta ta ƙare da daɗewa, saura ramuka, kowanne da sunansa. Babban cikinsu Rijiya muke ce masa, yana nan kusa da rumfar Kawu. A kan hanyar Baba yake jan tsohuwar bas ɗinsa, sawu huɗu a rana, da ita muke ci mu tara a gida. Sau uku aka yi wa ƙarfen ƙasanta walda. A na ukun mai waldar ya ce wa Baba, "In ba a gyara hanyar nan bana ba, kada ka ƙara kawo mini ita. Babu sauran inda wuta za ta kama."

Na miƙe ina leƙen bayan farar motar, ko gireda na tafe. Ba gireda, ba tifa. Mutum ɗaya ne ya sauko, siriri mai tabarau, da kujerar roba da lema da allo mai takardu. Motar ta juya ta tafi. Ya kafa kujerarsa a gefen hanya, ya zauna, duk motar da ta wuce ya yi ɗan rubutu.

Kawu ya ce, "Ƙaiƙayi, ga gyaran hanyarku nan ya iso. Da biro za a yi shi."

Shi ya sa mini wannan suna, wai ba na iya zama wuri ɗaya. Ban kuwa zauna ba. Na je na ɗora ƙafa a hannun kujerar mutumin.

"Malam, ina kayan aikin?"

Bai ɗago ba. "Sauke ƙafarka."

"Shekara biyu muna rubuta muku takarda, shi ne za a aiko mana kai da lema? Ko ramin za ka zana ka kai musu?"

"Matsa, ka tare mini gani."

"In na ƙi fa?"

Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. "To tsaya."

Wannan "to tsaya" ita ta ƙona mini rai. Na tara masu babur na mahaɗa, na ce yau sai ma'aikata ta san da mutane a nan. Muka kwashi tsoffin tayoyi shida a bayan rumfar Kawu, yana ihu wai biyu daga ciki na mutane ne, muka janyo guntun itace, muka toshe hanya. Tayoyin ba su so kamawa saboda ruwa, sai da muka zuba musu fetur. Tun ƙarfe takwas na safe har huɗu na yamma ko mota ɗaya ba ta wuce ba. Direbobi suka yi ta zagi, suna juyawa su bi ta zagaye.

Mai tabarau bai motsa ba. Ya rufe bironsa ya sa a aljihu. Da na wuce ta gabansa ina huci, ya ce, "Na gode, ka hutar mini da hannu."

Ban gane ba. Na ce masa gobe ma haka.

Baba ya iso a ƙafa da yamma, ya bar bas can baya, wandonsa duk taɓo. Bai kalle ni ba. Ya wuce wajen mutumin, ya gaishe shi, ya sa aka kawo masa shayi, sannan ya ce, "Malam, don Allah mene ne aikin naka?"

"Ƙirga motoci. Kwana uku aka ba ni. Duk hanyar da ta kai mota ɗari biyar a rana, wato dubu da ɗari biyar a kwana ukun, za ta shiga jerin gyaran bana. Wadda ba ta kai ba, sai zagaye na gaba."

"Yaushe ne zagaye na gaba?"

"Shekara uku."

"Yau nawa ka samu?"

"Sittin da ɗaya. Babur ba ya cikin lissafi."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa tun da safe?"

"Ba ka tambaye ni ba. Ƙafa ka ɗora mini."

"Kana kallo muna cutar kanmu ka yi shiru? Kai wane irin mugu ne?"

"Ni abin da ya wuce ta gabana aka ce in rubuta. Ba a turo ni renon 'ya'yan mutane ba."

Baba ya juyo. A hankali ya ce, "Kwashe tayoyin nan. Da hannunka."

Na kwashe, waya mai zafi ta yanke ni a tafin hannu. Babu wanda ya taya ni, har waɗanda suka zuba fetur.

Laraba aka wuni lafiya. Na zauna a rumfar Kawu ina ƙirgawa a zuci, mai tabarau yana ƙirgawa a takarda, ba mai kallon wani. Da yamma Baba ya tambaye shi. Ɗari biyar da talatin da takwas. Kenan da ban taɓa hanyar ba, da mun haye. Yanzu kuwa sai Alhamis ta kawo ɗari tara da ɗaya.

Na ce wa Baba, "Abu ne mai sauƙi. A samu motoci biyar su yi ta kai da komo ta gabansa."

"Ban taɓa jan mota wayam don in yaudari wani ba."

"Baba, su ma yaudararmu suke yi."

"Kai ka isa da dabara. Na ga ta shekaranjiya."

"Jiya ce."

"Rufe mini baki."

Direbobi huɗu suka yarda da shawarata. Alhamis tun safe suka fara: su wuce mahaɗa, su juya a bayan gidan mai, su dawo, su tsallake Rijiya, su sake juyowa. Wani ya ɗaura katifa a saman motarsa, sawu na gaba ya sauke, na gaba ya ɗora buhuna. Kawu yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa, "Wannan katifa ta fi ni yawo yau." Mai tabarau yana ta rubutu, fuskar nan kamar an ɗaure ta da igiya.

Da rana na lissafa, na ga ba za mu kai ba. Baba ya ajiye bas a ƙofar gida ya shiga cin abinci, makullin yana rataye a ƙusar da ke bayan ƙofa. Shi ya koya mini tuƙi, amma bai taɓa bar mini ita ni kaɗai ba. Na zare makullin.

Sawu goma sha uku na yi lafiya. Duk wucewa sai na danna wa mai tabarau hon. Baba ya zo bakin mahaɗa yana ɗaga mini hannu in tsaya, na yi kamar ban gan shi ba. Shi yakan shiga Rijiya ta gefen hagu, da giya ɗaya, kamar mai taka ƙwai. Ni ina sauri. A sawu na goma sha huɗu na faɗa mata ta tsakiya, ruwa ya rufe zurfinta. Na ji ƙara a ƙarƙashina kamar an karya itace. Gaban motar ya duƙa, bayanta ya karkace, ta tsaya a gicciye.

Ta toshe hanyar gaba ɗaya. Sai bayan awa uku aka samu tifa ta janye ta.

Ƙarfe shida farar motar ta dawo da injiniya, wani mai ƙiba da takalmin roba. Ya karɓi allon yana dubawa. A nan na ga abin da mai tabarau ke rubutawa: ba zanen ƙirga kawai yake yi ba, lambar kowace mota yake ɗauka.

Injiniya ya ce, "Wannan lambar sau ashirin da bakwai ta wuce? Ta waye?"

Kawu ya ce, "Yallaɓai, mai katifa ne, ƙaura yake yi."

Babu wanda ya yi dariya. Injiniya ya ciro jan biro ya fara sokewa, layi bayan layi. Da ya gama, Alhamis ta tashi da ɗari huɗu da biyu. Jimlar kwana uku, dubu da ɗaya.

Baba ya matsa, ya cire hula. Ban taɓa ganin ya cire wa wani hula ba. "Yallaɓai, a taimaka a sake ƙirgawa. Kuskuren yaro ne."

"Hanya ɗari biyu da sha bakwai ke hannunmu, masu ƙirga shida. Mako mai zuwa yana wani wuri. Ku gode ma ban rubuta cewa kun ƙona mana gefen titi ba."

Na ce, "Ai kun ga ramin da idonku! Sai an ƙirga kafin ku san rami rami ne?"

Injiniya ya dube ni sama da ƙasa. "Kowa da raminsa. Da wanne zan fara, da na wanda ya fi ihu?"

Mai tabarau ya naɗe lemarsa, ya ɗauki kujera. Ya ajiye kofin shayin da Baba ya sa aka kawo masa a kan bencin Kawu, a wanke. Da zai shiga mota ya ce wa Baba, "Sai haƙuri, dattijo." Ni ko kallo ban samu ba.

Mai walda ya zo washegari, ya kwanta a ƙarƙashin bas, ya fito yana kakkaɓe riga. Bai ma ciro kayan aikinsa ba.

Tayoyi shida, biyu na mutane. Fetur rabin tanki. Bas ɗaya, tana kan duwatsu a ƙofar gida. Mota ɗari huɗu da casa'in da tara da suka rage mu kai. Shekara uku. Yau kwana goma sha ɗaya kenan Baba bai kira sunana ba.