Mutum-mutumi Marar Gaisuwa

Daren jiya Tasalla ta yi wani mafarki, kuma ba mamaki, don da damuwa ta kwanta. Mutum-mutumin inji da ta ƙera saboda gasar 'yan makaranta ya ɗara akwatin awo tsayi da ɗan yatsa, ga doka ta ce wanda bai shige akwatin ba, ba ya shiga fili. Ƙawarta Barira ta ce a guntule masa wuya. Tasalla ta ce sai dai a fara da nata.

A mafarkin, zauren gasar yana tsakiyar kasuwar hatsi. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, kowa ya taka lemarsa. Layi kuwa da baya yake tafiya, sai ta juya ƙeya har ta kai gaba.

Mai duba kayan wani bunsuru ne da tabarau. Babu akwati a gabansa, sai kwanon awon gero.

"Zuba shi," in ji bunsuru.

Ta zuba. Kan ya yi tozo.

"A nan ba ma karɓar tozo. A kawo zarto."

Sai ga Barira ta fito daga cikin buhu da zarto a hannu, tana cewa, "Ni dai na faɗa miki."

Tasalla ta rungume abinta. A kan wuyan nan idonsa yake, in an yanke ya makance ke nan. "Ranka ya daɗe, ko kwana za mu yi a nan, ba mai taɓa shi."

"To, mu kwana."

Gari ya waye, ya sake wayewa, tana nan tsaye. Da bunsuru ya gaji, ya leƙo ta saman tabarau.

"Yarinya, wa ya yi wa yaron nan tarbiyya? Tun da ya zo yake tsaye ƙiƙam a kaina, ko gaisuwa babu."

Kunya ta kama Tasalla. Ta zunguri mutum-mutumin. "Kai, ba ka ga babba ba?"

Ƙiiii, wuya ya lanƙwashe, kai ya sunkuya, kwano ya shafe daidai. Bunsuru ya cinye zarton.

Ƙiiii. Ta buɗe ido. Inna ce ke buɗe kabad tana neman ashana, ƙarfen da ke riƙe da murfin yana kukansa na kullum.

Tasalla ta diro daga gado, ta rarumi sukundireba.

"Inna, ki yi haƙuri. Yau kabad ɗinki ba murfi zai wuni, ƙarfen nan wuyan mutum-mutumina zai koma."