Takalmin Asibiti a Gindin Dutse

"Mama, Yesu yana jin daɗi ne in ƙafar Kaka ta yi jini?"

Sorcha ce ta jefo tambayar, 'yata mai shekara biyar, bakinta dumu-dumu da man shanu. Muna kicin, saura kwana biyu a hau dutsen ibada na Croagh Patrick, wanda mahaifiyata Bríd ta hau sau talatin da ɗaya ba takalmi, kowace Lahadin ƙarshen Yuli.

Kakar tata, wadda ni nake kira Mama, ta dire kofin shayi. "Ke, wa ya ce miki jini?"

"A safarki na gani, cikin kwandon wanki."

Na durƙusa na zare mata silifa, tana ture ni da gwiwa. A ƙasan babban yatsanta akwai gyambo, bakinsa ya soma baƙi. Shekararta tara da ciwon suga.

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun bikin Ista. Na miƙa wa Ubangiji shi."

"To ya karɓi nasa. Sauran na likita ne."

"Gráinne, bakin nan naki zai kai ki wuta."

"Mu fara biyawa ta asibiti tukuna. Ɗauko jakarki."

* * *

Likita ba ta yi kwana-kwana ba: in Mama ta taka tsakuwar dutsen nan, yatsan ya tafi, wataƙila har da ƙafar. Ta ba ta wani baƙin takalmi ƙato, mai kama da akwatin burodi.

A mota Mama ta ce, "Mai bin Yesu da gicciyensa yake bi."

Ban musa ba, don ni ma na yarda. Na ga yadda ta yi jinyar Baba shekara uku, tana juya shi tana waƙa. Waccan wahalar ita ta zo ta same ta, ba ita ta nemo ta ba. Amma a garinmu an saba yabon tsohuwar da ta ɓoye ciwo, a ce ai waliyyiya ce, sai ranar da aka yanke ƙafa a kai mata furanni.

Na ce, "Za ki je dutsen. A ƙasa za ki zauna, ki zuba wa mahaya shayi, da takalmin nan a ƙafarki."

"A gaban matan coci duka?"

"Duka."

Sai da muka wuce gada ta juyo ta dube ni. "Ke muguwa ce. Halin ubanki."

* * *

Ranar Lahadi ana yayyafi, Mama na bayan tebur a gindin dutsen da butar shayi, sai ga ƙawarta Nuala ba takalmi, da sanda a hannu.

"Bríd, bana hutu ake yi? Wannan takalmin kuma wane soja ya bar miki gado?"

Kunnuwan Mama suka yi ja. Ta ɗago ƙafar sama kowa ya gani.

"Gicciyena na bana ke nan, Nuala. Dutsen ma bai taɓa ba ni wuya haka ba. Suga cokali nawa zan sa miki?"

Aka yi dariya, har da Mama. Nuala ta shanye shayinta ta kama hanya tana ɗingishi. A diddigenta na hango tsumma ɗaure, ya jiƙe, ba da ruwan sama ba. 'Ya'yanta maza biyu na biye da ita suna ɗaukar ta hoto.

Ranar da tsohuwarki ta ce miki ta miƙa wa Ubangiji ciwonta, ki ce amin. Sannan ki durƙusa ki cire mata safa ki duba da idonki, kada ki bari sai gobe.